Yadda ake kafa zaman ɗa'ar aiki na wata-wata a ɗakin jarirai marasa lafiya

A yawancin manyan asibitocinmu, karatun ɗa'ar aiki a aji yake ƙarewa. Ɗalibi ya haddace ginshiƙan nan huɗu, wato mutunta zaɓin majinyaci, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da yin adalci, ya ci jarrabawa, shi ke nan. Daga nan sai lacca ɗaya a shekara a babban ɗakin taro, inda rabin mahalarta makin sabunta lasisi ne ya kawo su. Amma ɗakin jarirai wuri ne da majinyacinsa ba ya magana, wanda zai yanke masa hukunci sau da yawa yana kasuwa ko gona, kwalba ba ta isa, iskar oksijin tana iya ƙarewa da tsakar dare. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Masu aiki a irin wannan ɗaki kullum suna yanke hukuncin da lacca ba ta shirya su a kai ba. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne zama na awa ɗaya a kowane wata, a kan abin da ya faru a ɗakinsu, a tashi da gyara guda da aka rubuta. Ga yadda ake kafa shi.

Mataki na farko: izini, jagora da lokaci

Ku fara da shugaban sashen yara da metiron ɗin ɗakin, su biyun tare. In ɗaya ne kaɗai ya amince, zaman zai zama na likitoci ko na nas-nas, kuma ko wanne daga ciki ba shi ake nema ba. Ku naɗa mutum biyu da za su riƙa jagoranta, likita ɗaya da nas ɗaya. Ra'ayina shi ne kada babban likitan sashe ya zama mai jan ragamar zaman. Ya zo ya zauna, amma wani ya jagoranta, domin da zarar ya buɗe baki da farko, sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe" har a tashi.

Ku tsayar da rana ɗaya da ba ta canzawa, kamar Larabar farko ta kowane wata. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daf da miƙa aiki tsakanin masu safe da masu yamma, don a samu ɓangarorin biyu. Kowane wata uku a mayar da shi sassafe saboda masu kwana, su ne suka fi cin karo da manyan matsaloli ba tare da babba a kusa ba. A bar nas ɗaya ko biyu a kan jarirai, a riƙa karɓa-karɓa.

Mataki na biyu: su wa za su zauna

Nas-nas na ɗakin, ƙananan likitoci da manya, ungozomomin ɗakin haihuwa, da jami'in sashen walwala. Ku gayyaci masu shara da masu taimakon nas ma. Uwar da ta kasa ɗaga ido ta dubi likita, ita ce za ta gaya wa mai goge ƙasa cewa mijinta ya sayar da akuyarsu ta ƙarshe jiya. Kada adadin ya wuce mutum goma sha biyar, in ya wuce ya koma lacca. Limamin asibiti ko fasto ana kiransu ne a watan da batun ya shafe su.

Mataki na uku: ku tattara matsalolinku da kanku

Kafin zaman farko, ku ajiye akwati ko littafi a teburin nas-nas na mako biyu. Kowa ya rubuta, ba tare da suna ba, wani abu da ya faru a bakin aiki wanda ya hana shi barci. Abin da za ku tarar kusan sananne ne: uban da ya sa hannu ya ɗauke jaririnsa ana tsakiyar magani, jarirai biyu na'urar taimakon numfashi ɗaya, wanda aka sallama amma ba a bari ya tafi ba saboda bashin asibiti, hoton jariri mai nakasa da ya bazu a WhatsApp, kakar da ta kawo rubutu ko jiƙo tana ɗura wa bakwaini a ɓoye, jaririn da wanzami ya cire wa beli aka kawo shi yana zubar da jini, da yadda ake sanar da mutuwa a tsaye a bakin ƙofa.

Wannan jerin shi ne manhajarku ta shekara. Kayan koyarwar da ake saukewa daga intanet yawanci na ƙasashen da damuwarsu dabam ce. A Birtaniya, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jarirai ta fitar a 2019 tana magana ne a kan yiwuwar ceton jaririn da aka haifa ciki yana mako 22, alhali a nan mako 28 aka daɗe ana ɗauka a matsayin iyaka, ko da yake wasu cibiyoyinmu suna rayar da waɗanda ba su kai haka ba. Karanta nasu yana da amfani, amma kada ya cinye watannin da ya kamata a ba wa batun kuɗi da oksijin da wanda ke da ikon sa hannu.

Mataki na huɗu: shirya labarin da za a tattauna

Mutum ɗaya ya rubuta labarin a shafi guda: makonnin ciki, nauyi, ciwo, abin da aka yi, abin da iyaye suka ce, da wurin da aka cije. A cire suna, unguwa, lambar kati da kwanan wata. A gari irin Zariya ko Gusau, "matar wani mai shago a bakin tasha" ma suna ne, don haka a sauya duk abin da zai sa a gane mutum. A zaɓi abin da ya kwana biyu, zukata sun huce. Sannan a raba wannan zama da taron bitar mace-macen mata da jarirai da asibitoci ke yi. Wancan yana tambayar me ya jawo mutuwa, wannan yana tambayar me ya dace a yi. In aka haɗa su, mutane za su zo da shirin kare kai.

A karanta dokoki uku a farkon kowane zama: abin da aka faɗa a nan ba ya fita, ba a neman mai laifi, ƙarami yake fara magana.

Mataki na biyar: gudanar da awa ɗin

Nan ne aikin yake, bari mu bi shi da misali. A ce an kawo jariri ɗan kwana biyar, shawara ta kama shi har tafin ƙafa, ya daina kama nono, kukansa ya yi tsini. An sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, gwajin jini ya nuna sai an yi masa canjin jini a yau. Uwar yarinya ce, haihuwar fari, tana zaune kai a sunkuye. Kakar jaririn ta wajen uba ita ke magana, ta ce shawara ai kowa ya san maganinta a gida. Uban ya iso da la'asar ya ce jibi suna, an riga an sayi rago an raba goro, a ba shi takarda ya sa hannu ya ɗauke ɗansa. Likitan da ke kan aiki ya miƙa masa, suka tafi.

Minti goma na farko na gaskiyar ciwo ne kawai, ba ra'ayi. Me shawara mai tsanani ke yi? Sinadarin da ke sa jiki ya yi rawaya yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, wanda ya rayu yana iya tashi da kurumta ko shanyewar jiki da ba ta warkewa. Canjin jini ta jijiyar cibiya ake yi, da jini kimanin ninki biyu na wanda ke jikin jaririn, kuma shi ma yana da nasa haɗarin. Akwai jinin da ya dace a ma'ajiya a wannan ranar? Nawa ne kuɗinsa? An tambaya ko ana ajiye kayan jaririn da kafur, wanda ke farfasa jinin yaran da suka gaji ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini? Sau da yawa gardamar da ake zaton ta ɗa'a ce, rashin sanin ainihin halin da ake ciki ne, kuma tana mutuwa a wannan mintunan.

Minti ashirin na biye na tambayoyi uku ne, mai jagora ya rubuta amsoshin a allo. Ta farko: me iyalin suke so, kuma wa aka tambaya? A misalinmu ba wanda ya ji ta bakin uwar. Shirunta ba yarda ba ne, ba kuma rashin damuwa ba ne. Kunyar ɗan fari ce, ga suruka a tsaye a kanta. Nas mace da za ta ja ta gefe da sunan koya mata matse nono za ta ji abin da likita ba zai taɓa ji ba. Ta biyu: wace irin rayuwa ke jiran jaririn in an yi maganin, da in ba a yi ba? Ta uku: me ke kewaye da hukuncin? Kuɗi, nisan gari, sauran yaran da aka bari a gida, abin da dangi za su ce. A nan ne wani zai iya cewa, "Anya sunan ne ya dami uban nan, ko dai kunyar ya ce ba shi da kuɗin jini?" Namiji da wuya ya furta haka a gaban mahaifiyarsa da matarsa. Ba a raba shi da su an tambaye shi ba.

Mai jagora ya bi layi daga ɗalibar nas zuwa sama, babban likita a ƙarshe. In wani ya yi shiru, a kira shi da ladabi: "Sista, ke kika kwana da su, me kika gani?"

Minti goma sha biyar na gaba a jera hanyoyin da ake da su, har da waɗanda ba a yi tunaninsu ba a ranar. Ana iya raɗa wa jariri suna a asibiti, liman ya zo ko a yi a gida a yanka rago jariri yana kwance, ba abin da ya hana. Ana iya kiran sashen walwala kafin a miƙa takarda. Ana iya neman wani dattijo a dangi a waya. Ana iya kiran babban likita ya zo da kansa. In duk an yi sun dage, akwai hanyar doka, wadda za mu zo kanta. In kuma tafiyar ta tabbata, ba a sallamar mutum da fushi: a gaya musu alamomin haɗari, a ba su lambar ɗakin, a ce ƙofa a buɗe take ko da tsakar dare ne. Takardar sa hannu ba ta wanke ma'aikaci in bai yi bayani ba.

Ragowar lokacin na mataki na tara ne.

Mataki na shida: takarda ɗaya ta doka da addini

Ku shirya shafi guda da za a manna a ɗakin hutun ma'aikata, a riƙa komawa gare shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, rashin kuɗi na ciki. Sashe na 23 ya wajabta yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji gwargwadon iko, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 26 na sirrin majinyaci ne, kuma shi ne amsar batun hotuna a waya. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro a gaba da komai, sai dai ku duba sigar da jiharku ta amince da ita.

Hukunci biyu na Kotun Ƙoli sun cancanci zama guda sukutum. A shari'ar Okonkwo ta 2001, kotu ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, har da ƙarin jini, ko da zai rasa ransa. A shari'ar Esabunor da Faweya, wadda aka yanke a 2019, uwa 'yar ɗarikar Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara wa jaririnta ɗan wata guda jini a wani asibiti a Legas, aka samo umarnin kotun majistare aka ƙara. Kotun Ƙoli ta ce an yi daidai: abin da iyaye za su iya zaɓar wa kansu ba za su zaɓar wa yaro ba in ransa na cikin haɗari. Kotu ƙofar ƙarshe ce, kuma wanda ya fara da barazanarta ya rasa amincewar iyali da ta unguwarsu gaba ɗaya. Duk da haka, kowane likitan dare ya san lambar lauyan asibiti.

Ta fuskar addini, ku gayyaci malamin da ya san fiƙihu kuma ya yarda ya shiga ɗakin ya ga kwalba da idonsa. Tambayoyin da ma'aikata ke ɗauke da su a zuci suna da yawa: in an daina danna ƙirjin jaririn da zuciyarsa ta ƙi tashi, kisa ne? Ƙa'idar farfaɗo da jarirai ta 2020 ta ce in an yi duk abin da ya kamata har kimanin minti 20 ba bugun zuciya, ya dace a tattauna dakatarwa. Malaman Musulunci ma sun yi magana: Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna a Amman a 1986 a kan cire na'urorin raya majinyaci, kuma kwamitin fatawa na Saudiyya ya halatta barin farfaɗowa in likitoci uku amintattu sun tabbatar ba za ta yi amfani ba. Akwai kuma batun nono. In uwa ta rasu ko nononta bai zo ba, wata ta ba da nata, 'yan'uwantakar shayarwa tana iya ƙulluwa, kuma a mazhabar Malikiyya ko kaɗan ne ya isa cikin jariri ya wadatar. Don haka a nemi yardar iyalan biyu, a rubuta wa ya sha na wa, a ba kowanne ɓangare.

Wata guda a shekara a ware shi ga ɗa'ar binciken kimiyya a kan marasa lafiya. A Kano ba sai an yi dogon bayani ba: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya kai ga shari'a da sulhu a 2009, kuma yana cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Kowane ƙaramin likita da zai ɗebi jinin jarirai don kundinsa ya san cewa sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yardar iyaye da aka nema da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, ba dangwala yatsa a takardar Turanci ba.

Mataki na bakwai: gwaji da baki

Sanin abin da ya dace dabam, iya faɗinsa dabam. Kowane zama na uku a mayar da shi gwaji: ɗaya ya zama uba, ɗaya kaka, ɗaya likita. Da farko za a yi ta dariya, a bari a yi, tana wucewa. Abin da ake koya ƙanana ne. A samo kujera a zauna. A fara da tambaya: "Malam, me aka gaya maka game da jikin yaron?" A yi magana gajera, a dakata. "Hajiya, mun yi iya ƙoƙarinmu, amma numfashinsa yana ƙara rauni. Muna tsoron ba zai kai safe ba." In mutuwa ce, a faɗe ta da sunanta, "Allah ya yi masa rasuwa", kada a tsaya ga "sai haƙuri" a bar uwa tana zaton ana nufin jiki ya yi tsanani. A tambaye ta ko tana so ta riƙe shi. Kada a ce mata "ai za ki sake haihuwa". A gwada kuma yadda nas za ta ce wa babban likita ba ta yarda da hukuncinsa ba, a gaban kowa, har bakinta ya saba.

Mataki na takwas: rabon kayan da ba su isa ba

Wannan ba a barinsa ga likitan da bai shekara da fara aiki ba, shi kaɗai da ƙarfe biyun dare. Ku yi zama biyu ko uku ku rubuta ƙa'ida tun da rana: in na'ura ɗaya ce jarirai biyu, ana duba wanda ya fi buƙata da wanda ya fi yiwuwar amfana. Ba a duba wanda ya riga biya, ko ɗan wane ne, ko namiji ne ko mace. A rubuta wa za a kira, da abin da za a yi wa wanda bai samu ba, domin rashin na'ura ba ya nufin a juya masa baya: ɗumi, abinci, rage zafi da 'yan ɗigon nono kafin a soka allura, da neman gado a wani asibiti. Ku tuna ba kowane ƙaramin jariri ne sai kwalba ba. Binciken da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife yana cikin cibiyoyinsa biyar, ya nuna ɗora jariri mai nauyin kilo 1 zuwa 1.8 a ƙirjin uwa tun daga haihuwa ya rage mutuwa da kusan kashi 25 cikin ɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta a 2022. Hana uwa shiga wurin ɗanta ba tare da dalili ba shi ma batun ɗa'a ne da za ku tattauna.

Mataki na tara: gyara ɗaya, da suna, da rana

Kada a tashi sai an amsa tambaya guda: me za mu canza kafin zama na gaba? Abu ɗaya, ƙarami, mai yiwuwa. A misalin shawara, yana iya zama cewa daga yau ba a miƙa takardar sallamar kai sai babban likita ya yi magana da uba shi kaɗai, nas ta yi da uwa ita kaɗai, an kuma kira sashen walwala. A rubuta a littafin zaman, da sunan wanda zai bi, a fara zama na gaba da jin inda aka kwana.

A bar minti biyar na ƙarshe ga ma'aikatan kansu. Nas ɗin da ta cire wa jariri bututun oksijin ta ba wa wani tana ɗauke da abin har gida, kuma ba kasafai ake tambayarta ba. Wanda aka ga abin ya yi masa nauyi, jagora ya same shi daga baya su kaɗai.

Sai batun maki. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, tana neman maki 20 na ƙarin ilimi a shekara kafin likita ya sabunta lasisi, kuma sai daga cibiyar da ta amince da ita. Nas-nas da ungozomomi suna sabunta nasu duk shekara uku a ƙarƙashin tasu hukumar. Ku ajiye rajistar halarta tun daga zaman farko, ku je wurin kwamitin ƙarin ilimi na asibitinku ku nemi a sa zaman a jadawalinsa don a riƙa lissafa shi. Bayan wata shida, ku buɗe littafin ku ƙirga gyare-gyaren da aka rubuta da waɗanda aka aiwatar, ku duba ko yawan masu ɗauke jarirai kafin sallama ya sauya, sannan ku sake ajiye akwatin a teburin nas-nas na wasu mako biyu.